Yadda Malamin Turanci Zai Gina Kansa Cikin Zango Guda, Ko Ba a Kira Shi Bita Ba

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin malamai na makarantar gwamnati ya san abin da ke faruwa idan takardar bita ta iso. Mutum biyu ake nema, malamai kuwa sun haura talatin. Masu rabo su tafi kwana uku ko biyar, su dawo da jaka da takardar shaida, ranar Litinin kowa ya koma aji ya ɗora daga inda ya tsaya. Malamin Turanci sai ya yi shekara biyar sunansa bai fito ba. A shekarun nan biyar, ɗalibai nawa ne suka bi ta hannunsa? Kowanne cikinsu sai da kiredit a Turanci zai ga ƙofar jami'a, kuma da Turancin nan zai karanta tambayar Kimiyya da ta Tattalin Arziki kafin ma ya yi tunanin amsa.

Ban raina bita ba, na halarci wadda ta amfane ni ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne zaman jiran. Mun saba ɗaukar ƙarin ilimi kamar rabon kaya, sai an kira mutum an miƙa masa, alhali yawancin abin da ke gyara malami yana cikin ajinsa, da bakin abokan aikinsa, da wayar da ke aljihunsa. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Tsarin da zan shimfiɗa na zango guda ne, mako 12 ko 13. Malamin sakandare na sa a gaba, amma malamar firamare ma za ta tsinci nata a ciki. Abin da ake buƙata shi ne waya mai ɗaukar murya, da sabon littafin rubutu guda, da abokin aiki ko da mutum ɗaya ne, da 'yar data.

Mataki na farko: ka saurari kanka

A makon farko kada ka sauko da komai daga intanet. Ka zaɓi darasi ɗaya na yau da kullum, ba wanda ka yi wa shiri na musamman ba, ka kunna ɗaukar murya, ka sa wayar a aljihun gaba, ka koyar kamar yadda ka saba. Murya kawai, ban da bidiyo, kuma ba don a tura wa kowa ba. Ka sanar da shugaban makaranta tukuna, don kada magana ta fito ta wata fuskar.

Da daddare, bayan gida ya yi tsit, ka sa abin ji a kunne ka saurara tun daga sallama har ƙararrawa, da biro a hannu. Abu huɗu za ka ƙirga. Minti nawa ka yi kana magana, minti nawa yara suka yi? Tambaya nawa ka yi wadda amsarta ta wuce kalma ɗaya? Idan ka yi tambaya, daƙiƙa nawa kake jira kafin ka amsa wa kanka? Sannan kurakuran bakinka, na furuci da na nahawu, ka rubuta su yadda suka fito.

Ranar da na fara yin wannan ban ji daɗi ba. Cikin minti 40, maganar yara ba ta kai minti biyar ba, ita ma yawancinta amshi ne. Na ji kaina ina cewa "Do you understand?" aji ya ɗauka baki ɗaya "Yes sir", na wuce. A bencin baya akwai yaron da na san ko umarnin farko bai gane ba, kuma muryarsa na cikin masu amsawa. Tun daga ranar na daina yarda da wannan amshin a matsayin shaidar fahimta.

Za ka ga laifuffuka da yawa, kada ka ce duk sai ka gyara su. Ka ware biyu kacal, ɗaya daga Turancinka, ɗaya daga salon koyarwarka. Ka rubuta su a shafin farko na littafinka da kwanan wata, ka adana muryar da ka ɗauka, za mu dawo kanta.

Mataki na biyu: Turancinka kai kanka

Nan ne muke jin nauyin magana, kuma nan ne gyaran ya fi muhimmanci. Da yawa cikinmu mun karanta nahawu sosai a kwalejin ilimi, mun san sunan kowane ɓangare na jimla, amma ba mu samu inda za mu riƙa jin harshen da magana da shi kullum ba. A gida Hausa, a kasuwa Hausa, a ofishin malamai ma Hausa. Wannan ba abin kunya ba ne, yanayin wurin ne. Sai dai harshen da ba a motsa shi tsatsa yake yi, yaran kuma ba su da wani bakin da za su kwaikwaya sai naka.

Ka ware minti 20 kullum, lokaci guda tsayayye, misali bayan Asuba kafin hayaniyar gida ta tashi. Shirin 6 Minute English na BBC Learning English ya dace da wannan: minti shida ne, mutum biyu suna hira a kan batu ɗaya, kuma akwai rubutun hirar da za ka iya saukewa. Sau uku za ka ji kowane shiri. Na farko ba tare da duba rubutu ba, ka faɗa wa kanka abin da ka gane. Na biyu da rubutun a gabanka, kana ja wa abin da kunnenka ya tsallake layi. Na uku ka ɗauki minti ɗaya kawai daga ciki, kana tsayar da shi jimla bayan jimla kana maimaitawa da ƙarfi, har da hawa da saukar muryar. Shiri biyu a mako sun isa. Wanda ya ji shiri ɗaya sau uku ya fi wanda ya bi ta kan goma a guje.

Wajen furuci, ka san inda Hausa take jan harshenmu, domin ba ko'ina ba ne. Turancin Ingila yana da sauti 44, baƙaƙe 24 da wasula 20. Mu kuwa wasula biyar gare mu, kowanne da gajere da dogo, sai tagwan wasali irin "ai" da "au". Wuraren tuntuɓen sanannu ne:

Na farko "p" da "f". Namu "f" da leɓɓa biyu ake yin sa, shi ya sa "pan" da "fan", ko "copy" da "coffee", suke haɗewa. Ka riƙe 'yar takarda gaban bakinka. A "p" leɓɓa na rufewa gam sannan iska ta fashe, takardar ta yi tsalle. A "f" haƙoran sama na sauka kan leɓen ƙasa, kuma za ka iya jan sautin har numfashinka ya ƙare. Haka "v" da "b", kamar a "vote" da "boat". Sai "th", wanda muke mayarwa "s" ko "z", har "think" ya koma "sink". Maganinsa kan harshe ya leƙo tsakanin haƙora. Sai kuma baƙaƙen da ke cunkushe wuri ɗaya. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu a jere irin na "bread", shi ya sa muka ce burodi, muka ce firamare. Wasalin da muke cusawa ya yi daidai a Hausa, amma a "street" da "asked" sai a hana shi shiga.

Muna kuma da abin da ke taimakonmu wanda ba a cika faɗa mana ba. Kunnen da ke bambance garin Kano da garin tuwo ya riga ya san tsawon wasali, saboda haka "sit" da "seat", ko "full" da "fool", ba za su gagare shi ba. Kunnen da ke raba kukan yaro da miyar kuka ta karin sauti zai iya kama gaɓar da ake dannawa a kalmar Turanci, kamar yadda "record" ke sauya nauyi tsakanin suna da aikatau. Ka yi amfani da waɗannan misalan a aji, za ka ga idon yara ya buɗe.

Duk kalmar da za ka koyar gobe, ka duba ta yau a ƙamus mai murya, irin na Oxford Learner's Dictionaries ko Cambridge Dictionary, duka kyauta ne a intanet. Kalmomin da muke ganin mun sani su suka fi cin mu. Ba a ce ka zama Bature ba. Abin nema shi ne duk wanda ya ji ka ya gane ba tare da wahala ba, kuma yaro ya samu sautin daidai a kunnensa.

Ka riƙa karanta shafi goma kullum na wani abu da ba littafin aji ba, ko labari, ko sharhin jarida. Sannan sau biyu a zango, insha'in da ka ba 'yan aji uku na babbar sakandare, kai ma ka zauna ka rubuta shi, kalma 450 cikin minti 50 kamar yadda WAEC take so, ka ba abokin aiki ya duba maka da jan biro. Sai ka ɗanɗana za ka san inda yaro ke maƙalewa.

Mataki na uku: ka san inda aka dosa

Wannan aikin yini biyu ne. Ka nemo manhajar NERDC (hukumar da ke tsara manhajar karatu ta ƙasa) ta ajin da kake koyarwa da manhajar jarrabawar WAEC da NECO, ka karanta su da kanka, kada ka dogara da tsarin darussan da ka gada a kabad. Sannan ka nemi rahoton manyan masu duba jarrabawa da WAEC ke fitarwa, yana shafinta na intanet. A ciki suna faɗar inda ɗalibai suka fi faɗuwa, tambaya bayan tambaya. Malamai da yawa ba su taɓa buɗe shi ba, alhali kamar an ba mutum taswirar ramukan hanya ne.

Ka san yadda ake raba maki 50 na insha'i: 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na ƙa'idojin rubutu. A wannan na ƙarshen rabin maki ake cirewa kan kowane kuskure, ke nan kuskure 20 sun cinye goman duka, kuma yaranmu da yawa tun a shafin farko suke ƙarar da shi. Ka kuma tuna cewa takardar furuci, mai tambaya 60, a rubuce ake amsa ta, ba a kunna wa kowa murya. Yaro zai zaɓi amsa ne da sautin da ya ajiye a kansa, sautin nan kuwa daga bakinka ya ɗauko shi.

Mataki na huɗu: kayan aiki, kaɗan masu amfani

Sai yanzu za a shiga intanet. Wurare huɗu sun ishe ka zango guda.

Shafin TeachingEnglish na British Council yana da shirye-shiryen darussa, da bayanai kan dabarun koyarwa, da kwasa-kwasai na kyauta da mutum zai bi a wayarsa. Shafin American English na Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka yana da wasannin aji da mujallar English Teaching Forum, wadda ta haura shekara 60 tana fitowa, malamai daga ƙasashe daban-daban ke rubutu a cikinta, da yawansu masu fama da cunkoson aji irin namu. TESSA, tarin kayan horar da malamai wanda Open University ta Birtaniya ta jagoranta tare da cibiyoyin horar da malamai na Afirka, ciki har da NTI ta Kaduna, an rubuta shi ne da ajin Afirka a zuciya, kuma ya fi amfanar malaman firamare. African Storybook kuma tarin gajerun labarai ne masu hotuna, an jera su hawa biyar daga mai sauƙi zuwa mai wuya, akwai na Turanci akwai na Hausa, kuma an yarda ka sauke ka buga. Kada ka ce na yara ne. Ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare da bai iya haɗa baƙi ba, labarin hawa na biyu yake buƙata, ba dogon nassin auna fahimta ba.

Doka ɗaya nake roƙon ka riƙe: kada ka sauke abin da ba za ka shiga aji da shi cikin mako guda ba. Na san malamai masu ɗaruruwan littattafai a waya waɗanda ba su buɗe ko biyar ba. Tarawa tana sa mutum ya ji kamar ya yi aiki, alhali allo bai shaida ba. Don tattalin data, ka fifita rubutu da murya a kan bidiyo, ka yi saukarwa da garaɓasar dare, mutum ɗaya ya sauke sauran su karɓa ta Xender.

Yawancin darussan nan an tsara su ne don aji mai yara 15 da injin kwafi a kusa, kai kuwa kana da 80 da rabin kwalin alli. Saboda haka sai ka yi musu kwaskwarima. Inda aka ce a raba wa kowa takarda, ka rubuta nassin da maka a bayan kwali ko tsohuwar kalanda tun a gida, ka rataye, gobe ka kai wa wani ajin. Inda aka ce yara su zagaya aji, ka mayar da shi aikin benci, masu zama tare su ne rukuni. Inda labarin ke maganar dusar ƙanƙara da jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka sauya shi da hunturu da Adaidaita Sahu, nahawun dai bai canza ba.

Kada kuma ka manta da Turancin da ke zube a unguwa. Ledar omo, kwalin ashana, takardar da ke cikin kwalin magani, rasit, takardar kuɗin wuta, allon shago. Na taɓa koyar da jimlar umarni da bayan ledar taliyar yara: a tafasa ruwa, a zuba, a jira minti kaza, a sauke. Kowane benci da ledarsa, suka tsamo aikatau na farkon kowace jimla, sannan suka rubuta nasu umarnin na yadda ake dama koko. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ita ce ta gyara wa 'yan bencinta jerin matakan, don ita ke damawa a gidansu.

Mataki na biyar: zaman malamai na mako-mako

In da za a ce in zaɓi mataki ɗaya in bar sauran, wannan zan ɗauka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma niyyar da mutum ya ƙulla shi kaɗai ba ta cika wuce mako uku ba.

Ka nemi mutum uku zuwa shida. Ba dole sai masu koyar da Turanci zalla ba, malamin Adabi da na Hausa suna da abin bayarwa, musamman na Hausa, wanda ya san tsarin sautin harshen yara fiye da kowa. Ku tsayar da rana da lokaci, minti 45, kuma a cikin lokacin makaranta. Idan aka kai shi bayan tashi, malamai mata da masu zuwa daga nesa su ne za su fara zamewa, ba da son ransu ba. Ku je wurin shugaba da buƙata ƙarama bayyananna: "Ranka ya daɗe, muna roƙon a daidaita mana firiyod ɗaya ranar Laraba da dukkanmu ba mu da aji. Ba kuɗi muke nema ba, kuma duk ƙarshen wata za mu kawo maka rahoton shafi ɗaya." Da wuya shugaba ya ƙi wannan. Maganar kuɗi kuwa ku nisance ta, ko karo-karon lemo, domin da ta shigo zaman ya zama wani abu dabam.

Ga yadda zaman zai gudana. Minti goma na farko hira ce da Turanci zalla a kan shirin da kowa ya saurara a makon, ba gyara, ba dariya. Minti 20 na tsakiya mutum ɗaya ya koyar da guntun darasi, sauran su zama ɗalibai, su yi aikin da gaske, su rubuta, su amsa. Sai minti goma na tattaunawa, nan a sake da Hausa in an so: me zai yi aiki a aji mai yara 80, me zai rushe? Minti biyar na ƙarshe kowa ya faɗi abu ɗaya da zai gwada kafin Laraba mai zuwa, a rubuta. Mako na gaba da wannan rubutun za a buɗe. Jagoranci ya riƙa zagayawa, har kan ɗan bautar ƙasa da mai sanin makamar aiki, kada babban malami ya mayar da zaman lacca.

Daga mako na biyar ku fara shiga ajin juna. Wannan yana son hattara, domin mun saba duk wanda ya zauna a bayan aji da biro sufeto ne. Mai darasi shi zai faɗi abin da yake so a duba masa, abu ɗaya tak. Mai kallo ya rubuta abin da ya gani, ba ra'ayinsa ba, kuma abin da aka gani ba ya zuwa ofishin shugaba, ba ya zama hirar ofishin malamai. Wata malama da ta girme ni a aiki ta taɓa zama a ajina, na roƙe ta ta duba yadda nake rarraba tambayoyi. Ta zana taswirar ajin, duk wanda na kira ta ɗiga masa alama. Da muka fito ta miƙo min takardar ta ce, "Malam, duba nan da kanka." Ɗige-ɗigen duk sun taru a benci uku na gaba ta hannun dama, layin taga kuwa fari fat. Ba ta ƙara ko kalma ba, ni ma ban buƙaci ƙari ba.

Idan kai kaɗai ne malamin Turanci a makarantarku, ka nemi na makarantun da ke kusa ku buɗe zauren WhatsApp na mutum kaɗan, ku riƙa tura saƙon murya, ku haɗu ido da ido sau ɗaya a wata. Ku yi ƙa'ida tun farko cewa ban da turo abin da bai shafi aikin ba.

Mataki na shida: gwaji ɗaya, a auna shi

Koma kan matsalar koyarwa da ka rubuta a shafin farko. Ka mayar da ita tambaya ƙarama, ka gwada magani ɗaya na mako huɗu a aji ɗaya, ka auna kafin da bayan.

Misali, ka lura kurakuran yara ba barkatai suke ba, Hausa ce ke magana a ƙarƙashin Turancinsu. "Borrow me your pen", saboda aro ɗaya ne a wurinmu, ko kai ka bayar ko kai ka karɓa. "I drank medicine", saboda magani sha ake yi. "I am hearing the smell", saboda ji ya haɗa kunne da hanci da zuciya. "I am coming", alhali yaron fita yake yi, saboda "ina zuwa". Ka tattara irin waɗannan guda goma daga littattafansu. Kowane darasi ka ɗauki minti biyar a kan ɗaya: ka rubuta jimlar Hausar a gefe, ta Turancin a gefe, ka bar su su gano inda hanyoyin suka rabu, sannan kowane benci ya ƙirƙiro jimla uku. Kafin ka fara, ka ɗebi littattafan yara goma, masu ƙoƙari da matsakaita da na baya, ka ƙirga kurakuran nan. Bayan mako huɗu ka sake ƙirgawa a littattafan yaran nan dai. Ko an samu sauyi ko ba a samu ba, ka kai sakamakon zaman Laraba.

A nan zan faɗi ra'ayina a fili. Cin tarar yara ko dukansu don sun yi "banakula" bai taɓa koya wa kowa Turanci ba, shiru kawai yake koyarwa. Hausa tsani ce idan malami ya san lokacin hawa da lokacin sauka. Ka yi bayanin abu mai wuya da ita cikin daƙiƙa 30, ka dawo Turanci, aikin da yara za su yi da bakinsu kuma ya kasance da Turanci. Abin gudu shi ne a fassara kowace jimla, domin yaro na ganewa zai daina sauraron ta farkon, ya jira ta biyun.

Mataki na bakwai: takardu da ƙungiyoyi

Na bar wannan a baya da gangan, amma ba a wasa da shi, da takarda ake ƙarin girma. In ba ka yi rajista da TRCN ba, hukumar da dokar 1993 ta ɗora wa rajistar malamai, ka fara da nan, akwai jarrabawar cancanta da ake yi a kwamfuta. In digirinka na Turanci ne zalla ba na koyarwa ba, PGDE, wato diflomar koyarwa ta bayan digiri, kake buƙata, kuma NTI, wadda aka kafa a 1976 don malaman da ke bakin aiki, tana yin sa ta karatu daga nesa, haka ma jami'ar NOUN. Mai NCE ya sa digiri a gaba ko da a hankali ne.

Daga waje akwai TKT ta Cambridge, jarrabawa ce kan sanin dabarun koyar da Turanci, manyan sassanta uku, kowanne tambaya 80 cikin minti 80, kuma ana iya ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya gwargwadon aljihu. CELTA, wata takardar shaidar koyar da Turanci ta Cambridge, ta fi ta nauyi da tsada nesa ba kusa ba, tana da koyarwa ta zahiri da ake dubawa, ta fi dacewa da mai niyyar aiki a ƙasashen waje ko manyan makarantun kuɗi. Ka nemi ƙungiyar malaman Turanci ta Najeriya, ELTAN, ka kuma riƙa leƙa shafin IATEFL, ƙungiyar duniya da aka kafa a Birtaniya a 1967, wadda ke ba da tallafin halartar taronta na shekara-shekara. Masu neman irin wannan tallafin ana tambayarsu abin da suka yi a ajinsu, kuma ɗan gwajin nan naka na mako huɗu, da alƙalumansa, shi ne irin amsar da ake so.

Ka yi hattara da masu tallan satifiket a WhatsApp, a biya kuɗi yau a turo takarda gobe ba tare da an karanta komai ba. Kafin ka biya ko sisi, ka tambaya wa ya ba su izini, kuma wace hukuma ce ke karɓar takardar. Ka buɗe fayil guda, na takarda da na waya, kana ajiye kowace shaida, da rahoton zamanku na wata-wata, da sakamakon gwajinka.

A mako na 12, kafin a shiga hidimar jarrabawa, ka koma ajin da ka fara ɗauka, ka sake sa waya a aljihu. Da daddare ka ji tsohuwar muryar minti goma, ka ji sabuwar minti goma, ka sake ƙirga abubuwan nan huɗu a shafi ɗaya, gefe da gefe. Ka kai shafin zaman Laraba na ƙarshe, kowa ya karanta nasa. A nan za ku zaɓi abu biyu na zango mai zuwa, ku sa ranar zaman farko tun kafin a tafi hutu, ku kuma raba shirye-shiryen da kowa zai saurara a gida, guda takwas, ta Xender, kafin a kulle ofis.